Kuɗin ƙungiyar iyaye: mu buɗe asusunmu, ko mu bar su a hannun makaranta?

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar iyaye da malamai, ko suka taɓa shugabantar makaranta. Kuɗin da iyaye suke tarawa, ƙungiya ce ya kamata ta riƙe abinta a asusunta, ko a bar wa makaranta ta riƙe?

Ga yadda abin yake a wajenmu. Firamare ce ta gwamnati, 'yan biyuna suna aji huɗu. A taron farkon shekarar nan aka zaɓe ni ma'aji. Da aka zo miƙa mini kayan aiki, littafi ne mai jan bango kawai. Babu lambar asusu, babu cek, babu ko sisi. Dattijon da na gada ya ce shi ma haka ya karɓa. Tsarin da aka saba shi ne malamin aji ya karɓi kuɗin PTA, wato na ƙungiyar iyaye da malamai, daga hannun yara, ya rubuta sunaye a bayan rajista, ya kai wa hedimasta, hedimasta ya zuba a asusun makaranta. Aikin ma'aji shi ne ya leƙa ofis a ƙarshen zango, a faɗa masa jimla, ya rubuta, ya tashi a taro ya karanta wa iyaye. Kuɗin da ban ga shigarsu ba, ban ga fitarsu ba, amma da bakina za a ce sun cika.

Rufi ne ya tayar da maganar. Bara iyaye suka ɗaga hannu a taro, aka amince cewa kuɗin zango biyu za a haɗa a sauya kwanon azuzuwa biyu da ke yoyo. Da lokacin aiki ya zo ciyaman ya je karɓa, sai aka ce an taɓa fiye da rabi. An buga takardun jarrabawa, an sayi alli da rajista, an biya mai gadi, saboda kuɗin gudanarwa daga hukuma bai iso da wuri ba, idan ya iso za a mayar. An mayar da wani abu daga baya, ba duka ba. Aji ɗaya aka yi wa rufi, ɗayan har yanzu idan hadari ya taso sai an kwashe yara an cusa su a ajin makwabta.

Don Allah a fahimce ni, ban ce hedimastanmu ya ci kuɗi ba. Takardun jarrabawar nan na gan su, 'ya'yana sun yi rubutu a kansu. Mutum ne da yake riga kowa zuwa makaranta. Amma iyaye ba don alli suka ba da kuɗinsu ba, kuma ba wanda ya tambaye su kafin a taɓa. Wannan shi ne ya tsaya mini a rai.

Da na kawo shawarar mu buɗe asusu da sunan ƙungiya, bai ji daɗi ba, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce iyaye masu wucewa ne, yau ɗanka yana nan gobe ya gama, makaranta ce dauwamammiya. Ya ce idan wani abu ya faru da kuɗin, shi hukuma za ta kira, ba ciyaman ba. Ya ce malamansa ne suke wahalar tarawa, ta yaya za a yarda da su wajen karɓa a ƙi yarda da su wajen ajiya? Ya ƙara da cewa asusu biyu cajin banki biyu ne. Daga ƙarshe ya ce idan dole sai an buɗe, to a sa shi cikin masu sa hannu, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannunsa.

Kwamitinmu ya rabu. Ciyaman yana tare da ni amma ba ya son rigima. Sakatare malami ne a makarantar, kun san ba zai iya ɗaga murya a gaban ubangidansa ba. Wasu iyayen kuma cewa suke yi ke dai kin zo da sabon salo, shekara nawa ana haka ba a mutu ba.

Ni a ganina kuɗin iyaye na iyaye ne har zuwa ranar da suka ce ga abin da za a yi da su. Amma ba na so in ɓata tsakaninmu da makaranta, don a ƙarshe 'ya'yanmu ne a hannunsu. Me kuka gani?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Hajiya, na yi shugabancin makaranta har na yi ritaya, kuma zan ba ki mamaki: ku buɗe asusunku. Da abokin aikina zai ji shawarata, da shi zai fara roƙonku ku ɗauke masa wannan kaya.

Duk hedimastan da kuɗin iyaye suke hannunsa, sunansa yana bakin mutane ko ya ci ko bai ci ba. Ya sauya taya a babur ɗinsa, kuɗin PTA ne. Ya aurar da 'ya, kuɗin PTA ne. Kuma ba shi da hanyar wanke kansa, tunda kuɗin sun cakuɗe da na hukuma a asusu ɗaya, shi kansa ba zai iya nuna miki wanne ne na wa ba. Abin da ya faru da rufinku ma daga nan ya samo asali. Idan mutum ya duba asusu ya ga akwai kuɗi, ga jarrabawa saura kwana kaɗan, ba ya ganin kuɗin rufi, kuɗi kawai yake gani.

Hujjarsa ta cewa iyaye masu wucewa ne, ai shi ma mai wucewa ne. Takarda ɗaya za ta zo a mayar da shi wata makaranta. Wanda ya gaje shi zai tarar da asusu, ba zai tarar da alkawarin da aka yi wa iyaye a taron bara ba, kuma ba za ki iya kama shi da maganar da ba a gabansa aka yi ba. Ƙari a kan haka, a tsarin gwamnatoci da yawa duk abin da ya shiga asusun makarantar gwamnati ana yi masa kallon kuɗin hukuma ne, ƙa'idojin hukuma ne suke hawa kansa. Ku tambayi ofishin ilimi da ke kula da ku yadda abin yake a wajenku, kuma ku nemi amsar a rubuce.

To amma bari in faɗa miki ɗaya ɓangaren, don na sha shi. Ƙungiyar iyaye idan ta ji kuɗi a hannunta, wani lokaci sai ta fara ganin ita ce hukumar makaranta. Na yi zama da kwamitin da suka yanke shawarar gina ƙofar shiga mai ado alhali yara 'yan aji ɗaya a ƙasa suke zaune, don ciyaman yana son abin da za a gani daga titi. Na ce benci muke bukata, aka ce Malam kuɗinmu ne. Na ga kwamitin da suka sayo kwamfutoci ba su tambayi ko akwai wuta a ginin ba, ko akwai malamin da zai koyar, ko ɗakin yana da ƙofar da za ta kulle. Mafi muni shi ne wanda ya riƙe kuɗin gyara ya ce ba zai saki ba sai an sauya wa wata malama aji, saboda ta hukunta ɗan wani babba a kwamiti. Wannan shi ne abin da hedimastanku yake tsoro, ko da bai faɗa ba.

Saboda haka ku raba ajiya, kada ku raba shawara. A farkon kowace shekara hedimasta da malamai su kawo jerin bukatu bisa muhimmanci, iyaye su zaɓi wanda za su ɗauka. Kada ƙungiya ta kafa ko ƙusa ɗaya a ginin makaranta ba da amincewar shugabanta ba, don shi zai amsa tambaya idan katanga ta faɗa wa yaro. Shi kuma kada ya taɓa kuɗinku sai ya roƙa an ba shi. Ya zauna a kwamiti, ya yi magana, a saurare shi da girmamawa. Sa hannu a cek kuwa, ni ban ba shi shawarar ya nema ba.

Abu Safwan:

Ni dai ban yarda ba. Kuna magana kamar iyaye mala'iku ne. A makarantar da 'ya'yana suke mun yi wannan 'yancin kan, muka buɗe asusu, muka yi murna. Ciyaman da ma'aji aminan juna ne, su biyu suke sa hannu. Shekara ta zagayo aka ce a kawo lissafi, yau ma'aji ya yi tafiya, gobe ciyaman ba shi da lafiya. Da aka matsa sai ga rasit na siminti da ba wanda ya ga buhunsa. Kafin a farga 'ya'yansu sun gama makarantar, sun daina zuwa taro. Wa za ka kama? Hedimasta aƙalla yana da ofis, yana da shugabanni a sama da shi, yana tsoron aikinsa da fanshonsa. Uban yaro da ya cinye kuɗi me za ka yi masa, ka kore shi daga ina?

Yanzu mun mayar wa makaranta, hankalinmu kwance. Hajiya ki yi tunani, ke mai amana ce, amma ba ke za ki dauwama a kujerar ba.

Mai Lissafi:

Malam Abu Safwan, abin da ya same ku ba rabuwa da makaranta ce ta jawo shi ba. Mutum biyu ne suka riƙe kuɗi shekara guda ba mai leƙa su. Da hedimasta da bursa ne aka bar su haka, ƙofar ɓarnar iri ɗaya ce. Aikina duba littattafan kuɗi ne, bari in faɗi abin da nake gaya wa ƙananan ƙungiyoyi.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: wanda yake taɓa kuɗi ba shi ne zai duba lissafin ba. Ku sa mutum uku a asusu, kowane biyu su iya sa hannu, kada a samu miji da mata ko wa da ƙani a cikinsu. Sannan ku zaɓi mutum na huɗu wanda ba ya sa hannu kwata-kwata, shi ne zai riƙa karɓar bayanin asusu kai tsaye daga banki kowane wata, ba ta hannun ma'aji ba, ya gwada da littafi. Alat ɗin banki ma ya riƙa shiga wayarsa. A nan ne zan ba hedimasta wuri. Ba ya sa hannu, amma yana ganin duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Kin ga ya samu abin da zai faɗa wa hukuma idan an tambaye shi, ku kuma kun samu ido na waje wanda ba ya jin nauyin ciyaman. Da an yi haka a makarantar su Abu Safwan, da a watan farko za a tambayi ina simintin yake.

Dalilin da ya sa ban so ya zama mai sa hannu na dole ba: duk wanda kuɗi ba sa fita sai da shi, shi ne mai kuɗin. Ranar da kuka saɓa a kan wani aiki, ya ajiye biro kawai, shi ke nan taronku ya tashi a banza.

Na biyu, ku rage tsabar kuɗi iya iyawarku. Mafi yawan ɓatan kuɗin ƙungiyoyi irin naku ba a banki yake faruwa ba, tsakanin hannun yaro da banki ne. Mai iya turawa ta waya ya tura kai tsaye. Wanda zai kawo a hannu a ba shi rasit mai lamba a jere, mai kwafi, ya tafi da ɗaya ɗaya ya zauna a littafi. Ranar tara kuɗi mutum biyu su ƙirga tare su sa hannu a kan jimla, a kai banki a ranar ko washegari. Kada a kashe daga abin da aka tara kafin ya shiga banki, ko da na sayen biro ne, don daga nan lissafi yake fara ruɗewa. Kuma kada a taɓa sa hannu a cek da ba a rubuta komai a kai ba wai don ciyaman zai yi tafiya.

Kada kuma ki yarda a ce a zuba a asusunki na kanki kafin a buɗe na ƙungiya. Hajiya, ko an roƙe ki ki ƙi. Idan wani abu ya same ki, Allah ya kiyaye, kuɗin sun shiga cikin dukiyarki, sai an sha fama da magada. Banki zai nemi tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, da bayanin taron da aka amince a buɗe asusu, da shaidar masu sa hannu, wani wurin har da takardar rajista. Ku je ku tambaya tun kafin taro don ku san abin da za ku tanada.

Wannan tsari ba sabon abu ba ne. A Amurka, inda ƙungiyar iyaye ta ƙasa ta samo asali tun 1897, rassan makarantu galibi ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, da asusunsu, da rahoton da suke kai wa hukumar haraji, kuma ana duba littattafansu duk shekara. A Ingila da Wales ƙungiyar iyaye da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, 'yan kwamiti su zama amintattu da doka za ta iya tuhuma. Abin lura a duka biyun shi ne ba a ba su 'yancin riƙe kuɗi haka kawai ba, an haɗa musu da wanda za su yi wa bayani. Ku ma ku haɗa wa kanku: lissafi a rubuce kowane zango, a manna a allon sanarwa inda kowace uwa za ta gani, sannan a ƙarshen shekara iyaye biyu da ba sa cikin kwamiti su zauna da rasit ɗaya bayan ɗaya.

Maganar cajin banki kuwa, gaskiya ne akwai shi, amma ku gwada shi da rabin kuɗin rufi.

Game da masu cewa rubutu da shaidu zargi ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin. Idan makaranta ta shiga matsi ta nemi ku ranta mata kuɗin buga jarrabawa, ba laifi, kwamiti ya zauna, a rubuta nawa ne da ranar biya, a sa hannu. Ku dai sani cewa irin wannan rance sau da yawa kyauta yake komawa, saboda haka kada ku ba da abin da aka riga aka yi wa alkawari.

Maman Tagwaye:

Na gode ƙwarai. Baba Tsohon Hedimasta, maganar ƙofa mai ado ta ba ni dariya, don a taronmu na baya wani ya kawo shawarar fenti alhali rufi yana zuba. Na karɓi gyaran, jerin bukatu daga wajen malamai zai fito.

Malam Abu Safwan, maganarka ce ta fi tsaya mini, cewa ba ni zan dauwama a kujerar ba. Amma ni inda ta kai ni daban ne. Tunda ban san wanda zai gaje ni ba, kuma ban san hedimastan da za a kawo mana gaba ba, gara in bar tsarin da ba ya bukatar kowa ya zama waliyyi. Ku da kuka mayar wa makaranta, wa yake ganin bayanin banki a cikinku? Idan amsar ita ce ba kowa, to inda kuka baro kuka koma, mai riƙewa ne kawai ya sauya.

Mai Lissafi, shawarar a ba hedimasta alat ba tare da sa hannu ba ta warware mini ƙulli babba. Abin da ya rage mini shi ne malamai. Idan muka ce su daina karɓar kuɗi daga hannun yara, ba za su ɗauka mun ce su ɓarayi ne ba? Sannan akwai malamai biyu na wucin gadi da ake biya daga kuɗin nan, wa zai riƙa biyansu, mu ko makaranta?

Malama A.:

Yaya, ni malamar aji ce, kuma wallahi idan kuka ɗauke mana karɓar kuɗin nan addu'a za mu yi muku. Ba wanda ya shiga aikin koyarwa don ya zama mai karɓar haraji. Darasin farko na safe yana tafiya a kiran suna da neman canji. Yaro ya ce ya ba ki, ke ba ki tuna ba, uwarsa ta zo tana faɗa a bakin aji. Wani ya zubar a hanya, wani ya kashe rabi. Idan lissafi bai cika ba daga albashinki za ki cike don kunya.

Amma abin da ya fi ci mini rai, wanda ba wanda ya taɓo a nan, shi ne korar yara. Idan kuɗin PTA suna hannun makaranta, a hankali sai su rikiɗe su zama kuɗin makaranta, a shigo aji da takarda a kira sunan waɗanda ba su biya ba a ce su tafi gida. Yaron da ubansa ba shi da hali shi ne kullum a waje, kuma ni ake sa wa in kira sunan. Gudummawa ce fa iyaye suka ɗora wa kansu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 28, ta ce ilimin firamare ya zama tilas kuma kyauta ga kowa. To ta ina gudummawar iyaye za ta zama dalilin hana yaro zama a aji? Idan kun karɓi asusunku, ku rubuta a tsarin mulkinku cewa ba a korar yaro ko hana shi jarrabawa saboda kuɗin ƙungiya, kuma jerin waɗanda ba su biya ba ya tsaya a hannun ma'aji, kada ya shigo aji. Ku iyaye ku bi junanku, kun fi mu sanin wanda ba shi da shi da wanda ƙi ne kawai. Ina gargaɗinku dai, abin da za ku tara zai iya raguwa a farko, don tsoron kora ne yake sa wasu biya. Ku shirya wa hakan kafin ku yi alkawarin aiki babba.

Malaman wucin gadi kuwa, ku yi hattara. Kada ƙungiya ta ɗauki malami da kanta. Hedimasta ne ya san wanda ya iya aiki, shi zai ba shi aji, shi zai tsawata masa. Idan malami ya san ciyaman ne yake biyansa, to ciyaman ne ubangidansa, kuma ɗan ciyaman ba zai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ku amince da adadin da za ku bayar duk wata, hedimasta ya kawo takardar cewa sun yi aikin watan, ku tura kai tsaye zuwa asusun kowannensu. Kuma ku ware kuɗin watannin zangon gaba ɗaya tun farko kafin ku taɓa wani aiki. Mutanen nan abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kada a ce kuma sai sun jira an gama rufi.

Tsohon Hedimasta:

Malama ta faɗi gaskiya a kan kora, mun yi ta kuma ba abin alfahari ba ne ga tsarin gaba ɗaya.

Hajiya, saura dabarar shigar da maganar. Kada ki kai ta babban taro kafin ki kai ta ofishinsa. Idan ya fara jin ta a gaban iyaye, zai kare kansa ne, kuma malamansa za su bi bayansa ko suna so ko ba sa so. Ku je ke da ciyaman da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku nuna masa rubutaccen tsarin, ku bar shi ya gyara wani abu a ciki. In da hali shi ya gabatar da shi a taro da bakinsa. Ragowar kuɗin rufi da ba a mayar ba, ku rubuta adadin ku sa hannu ku duka, amma kada ku ce sai an biya kafin a ci gaba, ku bar shi ya faɗi lokacin da zai iya.

Abu ɗaya da ake mantawa: duk abin da kuka saya, benci ne ko allo ko injin ruwa, ku miƙa shi ga makaranta a rubuce, a shigar da shi rajistar kayan makaranta, ku riƙe kwafi. Daga ranar ya zama na makaranta, gyaransa da tsaronsa suna wuyanta, sai in kun yi wata yarjejeniya daban. In ba haka ba injin zai lalace a yi ta nuna wa juna yatsa. Sannan ku sa a tsarin mulki cewa duk wanda ya sauka daga muƙami, a cikin mako biyu za a je banki a cire sunansa a sa na sabo, kuma ba a karɓar murabus ɗin ma'aji sai an duba littafinsa.

Maman Tagwaye:

Allah ya saka da alheri. Na yi magana da ciyaman, ya yarda mu je ofis ranar Litinin tare da dattijon da na gada, tunda shi hedimasta yana ganin girmansa. Mai Lissafi, idan kana da samfurin shafin lissafin zango mai sauƙi, wanda uwar da ba ta yi nisa a karatu ba za ta iya dubawa a allon sanarwa ta gane, don Allah ka sa mana a nan in kwafa kafin ranar.